Maƙogwaron 'Yar Mahauci

Ranar da Alwine ta fara ɗora ido a kan Likita Lorenz, hannunta na dama yana cikin bokitin jini har gwiwa, tana damawa tana 'yar waƙarta. Safiya ce a mayankar Berlin, sanyi kamar zai cire wa mutum kunne. Mahaifinta, Maigida Gottlob Zander, ya yanka tunkiya, ita kuma tana yin abin da kowace 'yar mahauci ta tashi ta tarar ana yi: jini na zuba ana juya shi, don kada ya daskare kafin a ɗura shi a hanji a dafa.

Sai ga wani dogon saurayi ya shigo, gilashi a ido, kwandon kwalabe a hannu, yana tsallake ruwan ƙasa ɗaɗɗaya.

"Don Allah ina Maigida Zander? Ni ne na aiko jiya a ajiye mini jinin tunkiya."

"Ga shi nan na dama maka," in ji Alwine, tana share goshi da bayan hannu. "Ko gudaji ɗaya ba za ka samu a ciki ba."

Saurayin ya leƙa bokitin, ya ɗago kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Kin dama?"

"Da kyau ma kuwa."

"Da hannu?"

"To da ƙafa ake damawa a garinku?"

Mahautan da ke kusa suka kwashe da dariya. Kunnuwan saurayin suka yi jajir, amma bai yi fushi ba. Ya ajiye kwando ya yi mata bayani a hankali: shi so yake a tari jinin a kwalbar da aka tafasa, a rufe da sauri, a bar shi ya daskare da kansa. In ya kwana a wuri mai sanyi, wani ruwa rawaya yakan taso a sama, to wannan ruwan ne abincin.

"Abincin wa?"

"Na mashaƙo."

Dariya ta ɗauke ɗif. A unguwar nan ba gidan da bai san mashaƙo ba. Yaro na wasa yau, gobe zazzaɓi, jibi farar fata ta rufe masa maƙogwaro har numfashi ya gagara. Maigida Zander ya goge wuƙarsa ya ce, "Wato kiwonsa kake yi?"

"Kiwonsa nake yi, Maigida, don in kama shi. Likitoci sun ga wata ƙwaya mai kama da ɗan guntun sanda a cikin farar fatar nan. Wasu sun ce ita ce ke kisan, wasu sun ce 'yar kallo ce kawai. Ni so nake a san gaskiya."

"Warin kwata ke kawo mashaƙo, kakata ma ta san haka," in ji Maigida, ya juya wajen aikinsa.

Ita kuwa Alwine ba ta juya ba. Ta tsaya tana kallon mutumin nan da takalminsa ya jiƙe sharkaf, yana magana a kan kama mashaƙo kamar ɓarawon unguwa.

"Ka dawo mako mai zuwa," ta ce. "Zan tarar maka yadda kake so."

Ai kuwa ya dawo, ta kuma tara masa. Daga nan kullum ranar yanka sai ya zo, kuma ko makaho ya san kwalabe huɗu ba sa buƙatar tsayuwar da Lorenz ke yi. Sauran ranaku kuwa katin bututu ke musu aiki. Ka rubuta ka kai gidan waya, iska ta harba shi ta ƙarƙashin titi, kafin shayi ya huce ya isa.

Na farkon da ya aiko ga abin da ya ce:

"Malama Alwine, jinin jiya ya fito garau, ruwansa kamar zuma. Sun ci sun ƙoshi, sun ce a gaishe ki. Lorenz."

Ta mayar masa:

"Likita, ka ce musu ba na amsa gaisuwar masu kisan yara. Shi kuma mai kiwonsu ya sa safa mai kauri in zai zo, na ga takalminsa yana shan ruwa. Alwine."

Kafin ganye ya fito a itatuwa, "Malama" da "Likita" sun ɓace daga katunan.

"Tsuntsuwata, yau na leƙa madubin duba ƙwayoyin cuta tun safe, ba abin da nake gani sai fuskarki."

"Mai kwalba, wato da ƙwayar cuta na yi maka kama? Zo Lahadi ka maimaita a gabana in kai namiji ne."

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci sukan zagaya lambun gari, yayarta Berta na biye da su nesa kaɗan riƙe da hannun 'yarta Minna. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa, Berta ce ke sa ido, kuma gaskiya idon nata ba wani kaifi ne da shi ba. A lambun nan Lorenz ya gaya wa Alwine cewa ƙanwarsa mashaƙo ne ya ɗauke ta, yana tsaye yana kallo, ba abin da ya iya yi. Alwine ta matso kusa da shi. Ta gyara masa wuyan riga, a ranta kuma ta riga ta yanke: wannan ne mijinta.

Sai dai akwai Bruno. Shi ne babban ma'aikacin mahaifinta, ƙato mai faɗin kafaɗa, wanda ke saɓa rabin bijimi shi kaɗai. Ya daɗe da lissafin cewa shagon da 'yar mai shagon duk nasa ne, Maigida ma bai taɓa ce masa a'a ba. Duk ranar da Lorenz ya shigo sai Bruno ya toshe hanci.

"Ga mai kiwon annoba nan! Alwine, ki wanke kantar shago in ya tafi."

"Kai ma in ka tafi wankewa nake yi," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi.

Ranar da Lorenz ya sa baƙar kwat ya zo neman aure, ko kujera Maigida Zander bai ba shi ba.

"Likita, ban ƙi ka don talauci ba. Na ƙi ka don sana'arka. Nama nake sayarwa, mutane suna shigowa nan ne don sun yarda da tsabtata. Surukina ya wuni yana wasa da mashaƙo, da yamma ya zo ya zauna a teburina? Ba da ni ba."

"Baba," in ji Alwine daga bakin ƙofa, "shi nake so."

"Ban tambaye ki ba."

"Na sani. Shi ya sa na faɗa."

Lorenz ya ɗauki hularsa ya sunkuyar da kai. "Zan dawo, Maigida. Ba rashin kunya ba ne, amma zan ta dawowa."

Ana cikin wannan sai mashaƙo ya shigo layinsu. Ya fara da 'yar mai gyaran takalmi, ya tsallaka gidan mai wanki, sannan ya kama Minna. Wayyo, Minna! Yarinyar da in ta shigo shago sai ta ɗane kan kanta ta buɗe baki, Alwine ta yanko mata nama mai zafi daga tukunya, ta hura mata ya huce, ta sa mata. Haka Alwine ke yi wa duk yaron da ya shigo da uwarsa, don al'adar shagon ce tun zamanin kakanta.

Alwine ta tare a gidan Berta tana jinya. Da numfashi ya fara gagara, Lorenz ne ya ɗauki yarinyar a kafaɗa ya ruga asibiti, aka tsaga mata wuya aka sa ɗan bututun azurfa. Allah ya yi da sauran kwana, Minna ta tashi, sai dai muryarta ta dishe. Maigida Zander ya aika wa Lorenz cinyar rago da godiya, amma maganar aure ya ce tana nan inda ya ajiye ta.

Shi kuwa Lorenz aiki ya yi masa kyau. Duk yaro mai mashaƙo da ya duba a layin, 'yan sandunan nan suna nan a maƙogwaronsa. Saura abu ɗaya: ya duba masu lafiya, ya nuna cewa su babu. To wa zai yarda? Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa sai a rufe masa a fuska. Alwine ta yi tsaki, ta ja kujera a gidan Berta ta zauna.

"Fara da ni. In akwai mai lafiya a Berlin ai ni ce, ko mura ba ta san hanyar gidanmu ba."

Ta wangale baki, ya goga mata 'yar waya a maƙogwaro, ta yi kakari ta zage shi, suka yi dariya.

Daga ranar katuna suka ɗauke. Da ɗaya ya zo kuwa, gara ma bai zo ba:

"Alwine, ba zan zo Lahadi ba. Ki zauna a ɗaki, kada ki tsaya a kanta. Akwai abin da nake so in tabbatar kafin in yi magana. L."

Ba tsuntsuwa, ba komai. Ta karanta ta juya bayan katin ko akwai saura. Bruno da ke wasa wuƙa ya ce, "Likitan naki ne? Ai jiya na gan shi da baƙar kwat yana shiga gidan babban likitansu. An ce mutumin yana da 'ya mai kaɗa piyano. Hannunta bai taɓa shiga bokiti ba."

Alwine ta ji kamar an zuba mata ruwan ƙanƙara. Amma ita ba mai shiga ɗaki ta yi kuka ba ce. Ta kwance rigar aiki ta wurgar, ta ɗauki mayafi, ta hau keken doki har ɗakin binciken.

Ta same shi zaune tsakanin kwalabe da akwatunan ɗumi na kiwon ƙwayoyin, gemu ya fito, ido ya faɗa.

"Ina mai piyanon?" ta ce.

"Wace mai piyano?"

"Kada ka raina mini hankali, Lorenz. In ka samu wadda ta fi ni, ka faɗa a gabana. 'Yar mahauci ce ni, na saba ganin yanka."

Ya cire gilashi ya murza ido. "Shawara na je nema wajen babban likita, ban ma san yana da 'ya ba. Zo ki leƙa nan."

Ta sa ido a madubin. Can ƙasa ta ga wasu 'yan ƙananan sanduna shuɗaye, wasu kwance, wasu sun gitta juna, kawunansu da ɗan kauri.

"Waɗannan ne?" ta ce a hankali. "Na Minna?"

"Naki ne."

Ta ɗago.

"Na ce ko kuskure na yi, sai na sake shukawa. Suka sake fitowa. Na sa wa ɓeran gwaji, ya mutu kamar yadda na yaran suke kashewa. Tsuntsuwata, na rasa bakin da zan gaya miki."

"Amma lafiyata ƙalau!"

"Ƙalau kike. Suna zaune a wuyanki ba sa taɓa ki, kuma ban san dalili ba."

Alwine ta lalubi kujera ta zauna. Abin da ya faɗo mata a rai ba kanta ba ne. Tukunya ta tuna, da yankan nama mai zafi, da bakinta tana hurawa. 'Yar mai gyaran takalmi ta ci daga hannunta, kuma an binne ta.

"Lorenz, ni ce na ba su?"

"Ban sani ba. Wataƙila wajen jinyar Minna kika ɗauka, wataƙila tun kafin nan. In na ce miki na sani, ƙarya na yi."

Nan ta yi kukan, mai yawa kuwa. Da ta gama ta share fuska ta tambaye shi abin da babban likita ya ce. Lorenz ya gaya mata. Rahotonsa ya kusa kammala, kuma in ya fita yadda yake, zai samu matsayin da zai iya riƙe iyali. Amma in ya rubuta cewa ya ga ƙwayar a wuyan mai lafiya, masu musu za su ce to ai shi ke nan, 'yar kallo ce. Wani abokin aikinsa har ya ce masa ya bar wannan ɗayan, mutum ɗaya ne, wa zai sani?

"Kai me ka ce?"

"Na ce zan rubuta. Ba zan sa sunanki ba. Amma dole a gaya wa Babanki, kuma dole ki bar kanta. Kin san daga ranar ba zai ƙara son jin sunana ba."

"In ba ka rubuta ba fa?"

Ita ta ba kanta amsa.

"Sai wata irina a wani layin ta ci gaba da hura wa yara abinci." Ta miƙe ta ɗaura mayafi. "Rubuta, mai kwalba. Baba kuma bar mini shi."

Tabɗi! Ranar nan makwabta sun ji muryar Maigida Zander har bakin titi.

"Ya rasa ki ta ƙofa shi ne ya biyo ta taga! 'Yata ja-jir da ita kamar tuffa, ya ce tana ɗauke da annoba? Gobe ki tsaya a kanta kowa ya gan ki, ki kuma manta da shi. In ba haka ba, ki san inda za ki zauna."

"Na sani, Baba. Ɗakin sama."

Ta kwashi bargo da kofinta da cokalinta ta haye ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, inda ake ajiye tarkace, ta ja ƙofa. Ba wanda ya kulle ta, ita ta kulle kanta.

Magana ba ta ɓuya a layi irin nasu. Mata suka fara wuce shagon suna tsallaka titi. Naman da kan ƙare kafin rana ta take sai ya kai yamma a rataye. Bruno kuwa, mai cewa ba shi da kamar Alwine, da Berta ta miƙa masa kwanon miya ya kai mata sama sai ya ja da baya.

"Ni? Haba, ina da uwa tsohuwa."

Ba a jima ba ya tattara wuƙaƙensa ya koma wajen wani mahauci a ƙetaren kogi. A can ma bakinsa bai yi shiru ba.

Lorenz kuwa kullum da safe yana tsakar gida. Maigida ya hana shi hawa bene, to sai Alwine ta zuro kwando da igiya ta taga. Ya sa mata ruwan kurkure baki mai ɗaci da kwalba da 'yar waya, don ya koya mata gogawa da kanta. Ita kuma ta sauko masa da kwalbar da kati. Kafin ta sa katin sai ta gasa shi a kan murhunta don kada ya ɗauki komai, shi ya sa duk katunanta gefensu a ƙone yake.

"Mai kwalba, maganin nan naka ko jaki aka ba sai ya yi ƙara. Na sha wuya amma na kurkura. Yau me baƙin nawa suka ce?"

"Tsuntsuwata, suna nan, amma sun ragu. Ko ba su tafi ba ni ina nan. Ki ci abinci, jiya na ga fuskarki ta rame."

"Daga tsakar gida ka ga rama? Da gilashin nan naka? Kai dai ka ce kana kewata."

"Ina kewarki."

Wani lokacin kwalba ta fito kamar za ta yi fes, washegari kuma su dawo. Ranar da haka ta faru Alwine takan kifa kai a gwiwa, ta ji kamar ta buɗe ƙofa ta sauka kowa ya huta. Sai ta jiyo dishasshiyar muryar Minna a ƙasa tana cewa, "Kaka, yaushe Inna Alwine za ta sauko?" Sai ta tashi ta sake kurkure baki.

Da Bruno ya tafi, kai abinci ya koma hannun Maigida. Ya hau da ƙyar yana nishi, ya dire kwano a bakin ƙofa, ya sauka ba magana. Wata rana da rana tsaka ta ji bai sauka ba. Ya zauna a matakala.

"Alwine, shagon nan kakanki ya gina shi. Ki sauko ki tsaya ko na yini ɗaya ne, mutane su ga lafiyarki. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Muryarsa ta karya mata zuciya, don ba ta taɓa jin ta haka ba. Ta matso jikin ƙofar.

"Baba, in Lorenz kuskure ya yi, me na rasa? Zaman ɗaki ne kawai. In kuma gaskiyarsa ce na sauko, wa za mu rasa? Kai ka zaɓa mini yaron a cikin layin nan, sai in sauko."

Can ta ji ya tashi, yana sauka a hankali.

A makon nan rahoton Lorenz ya fita. Wani tsohon mai sayar da magani, cikin 'yan kaɗan da ba su daina sayen nama a shagon ba, shi ya kawo wa Maigida labari. Ya ce a taron likitoci an yi wa Lorenz dariya. Ya kawo hujja mai kyau, sai kuma a ƙarshe ya tashi da bakinsa ya ce ya ga ƙwayar a wuyan wata mai lafiya. Aka tambaye shi wace ce, ya ƙi faɗa. Matsayin da yake nema kuma an ba wani.

Washegari Lorenz na sa kwalba a kwando sai ga Maigida ya fito daga shago da rigar aiki. Alwine na kallonsu daga taga.

"Likita! An ce da hannunka ka ɓata aikinka."

"Ban ɓata ba, Maigida. Abin da na gani na rubuta."

"Da ka yi shiru wa zai sani?"

"Ni. Da ita."

Maigida ya daɗe yana kallonsa. "Na yi shekaru ina awon nama," ya ce. "Na san yadda ake ɗan danna ma'auni da yatsa ba wanda ya gani. Kai an ba ka ma'aunin, ba kowa a wurin, ka ɗauke hannunka." Ya yi gyaran murya. "To in yarinyar can ba ta rabu da abin nan ba har abada fa?"

"Sai in nemi ɗaki kusa da nata. Ita nake so, Maigida, da su ko ba su."

Maigida Zander ya jawo kututturen da ake sara nama a kai ya zauna daram a tsakar gida. Matan makwabta duk sun leƙo ta tagogi, ya kuma gan su sarai.

"Kullum jikata tana kan cinyata," ya ce da ƙarfi, don su ji. "Kuma ni ke yanka wa layin nan nama. Zo ka duba nawa."

Ya cire hula, ya ɗaga kai sama, ya wangale baki.

Lorenz ya ɗauko 'yar wayar. Ya goga, Maigida ya yi kakari, ya yi tari, ya ce, "Kai, wannan ai mugunta ce!" Alwine a sama tana dariya tana hawaye. Kafin Lorenz ya rufe kwalbar, matar mai wanki ta sauko da 'ya'yanta biyu ta ce su ma a duba su, har da ita.

Na Maigida ya fito fes. Na Alwine ya ƙara ja musu rai, sannan wata safiya ya fito ba komai. Lorenz bai yarda ba sai da ya maimaita, ya sake maimaitawa, har Alwine ta rubuto masa cewa in bai yi hankali ba za ta tsufa a ɗakin nan. Ranar da ya gamsu bai sa kati a kwando ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kwalbar sama ya ƙwala kira:

"Tsuntsuwa! Sauko!"

Ta sauko tana dafa bango, ƙafafunta sun manta matakala. A ƙasa ta tarar da Babanta tsaye, Lorenz a gefensa. Maigida ya kama hannunta ya jujjuya, ya ga yadda ya yi fari ya rame. Sai ya kamo hannun Lorenz ya ɗora nata a ciki.

"Ga ta nan. Taurin kai ne da ita, kai ma haka, ku je ku ƙarata."

Aka kafa sunayensu a ofishin aure, aka sanar a coci. Jajiberin biki makwabta suka taru suna farfasa tsofaffin farantai a ƙofar gida yadda aka saba, ango da amarya na shara tare. Cikin masu fasawar har da matan da suka riƙa tsallaka titi, Alwine kuma ta karɓe su ba ta tuna musu ba. Matar mai gyaran takalmi ma ta zo, da baƙaƙen kayanta. Alwine ta ajiye tsintsiya ta je gabanta ta tsaya. Matar ta riƙe mata fuska da hannu biyu ta ce, "Na ga zaman da kika yi a sama. Je ki yi aurenki, 'yata."

Washegari fasto ya ɗaura aure. Lorenz bai samu babban matsayi ba tukuna, musun likitoci ma bai ƙare ba, kuma ya riga ya gaya wa amaryarsa cewa jibi zai koma kan kwalabensa. Ta ce ta sani, ita za ta tashe shi.

A bakin coci Maigida Zander ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan surukinsa. Mutumin da muryarsa ke cika mayanka, yau da ƙyar ake jin sa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku 'ya'ya, ya kuma bar muku su. Kai kuma ɗana, ka kama abin nan. Ko shekara nawa zai ɗauke ka, ka kama shi."

"Zan kama shi, Baba," in ji Lorenz.

Jama'a suka ce amin. Alwine ta riƙe hannun mijinta gam, suka sauka matakalar cocin tare.